Wane Shafe Ne Zai Daɗe a Jikin Kibod? Anodayizin, Fentin Hoda, Cerakote ko Fentin Feshi

Wanda ya sayi kibod na makanika, wato kibod ɗin kwamfuta da kowane maɓallinsa ke da makunninsa daban, mai ƙwanson alminiyam, ko ya haɗa nasa da hannunsa ɓangare-ɓangare, yakan kai lokacin da launin da kamfani ya ba shi ya daina gamsar da shi. Wani baƙi ya samu alhali fari yake so, wani nasa ya fara koɗewa a gefen da tafin hannu ke kwanciya, wani kuma na hannu ya saya, jikinsa duk ƙarzuwa. Daga nan ruɗani ke shigowa, domin hanyoyin sauya fuskar ƙwanson suna da yawa, kowane mai sana'a kuma tasa yake yabo. A ganina tambayar wane ne ya fi ƙarfi ba ta isa ta raba gardama ba, domin babu shafen da ba ya lalacewa. Abin da ya bambanta su shi ne yadda kowanne ke tsufa, da ko za a iya gyara shi in ya sami rauni, da ko kayan da aka ƙera ƙwanson da shi zai jure aikin tun farko.

Abubuwan da za a auna

Ƙarko shi ne na farko, amma ƙarko ba abu ɗaya ba ne. Akwai jure gogayya, wato abin da agogon hannu da zobe da zif ɗin jaka ke yi wa ƙwanso a hankali. Akwai jure bugu, idan kibod ya suɓuce ya daki kusurwar tebur ko tayil. Akwai kuma jure gumi da man shafawa da ruwan tsaftace hannu mai sinadarin barasa da hasken rana. Shafen da ya yi fice a ɗaya daga cikin waɗannan yakan yi rauni a wani, domin abu mai tauri sosai ba ya lanƙwasa, yana tsagewa ne, mai taushi kuma yana shanye bugu amma farce ma kan bar masa alama. A ƙasashen da hunturu ke sauka akwai ƙarin matsala: ƙurar tana ɗauke da ƙwayoyin yashi waɗanda suka fi kusan duk waɗannan shafe-shafen tauri, saboda haka share kibod da busasshen tsumma a watan Janairu yana iya yi masa illar da shekara guda ta bugun rubutu ba ta yi ba.

Na biyu shi ne kauri, kuma shi ne mutane suka fi mantawa. Ana auna shi da maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Silin gashin mutum yakan kai kusan maikiron 70. Ƙwanson kibod mai kyau an yanka shi ne ta yadda saman da ƙasan za su haɗu ba tare da giɓi ba, ramukan sukuru ƙanana ne, kafar USB kuma daidai bakin waya aka fitar da ita. Duk abin da aka ƙara a fuska ɗaya, an ƙara irinsa a fuskar da ke kallonta, don haka kaurin ninkuwa yake yi a wurin haɗuwa.

Sauran ma'aunan su ne farashi, da sauƙin aikin ko samun wanda zai yi shi a kusa, da haɗari. Haɗarin ma kashi biyu ne: na lalata ƙwanson da ba a samun madadinsa cikin sauƙi, da na lafiyar mai aikin, domin wasu daga cikin sinadaran nan ba abin wasa ba ne. Game da farashi, ba zan kawo adadin kuɗi ba, zan nuna matsayin kowanne ne tsakanin mai araha da mai tsada, domin kuɗin aiki yana bin gari da canjin dala, amma jerin kansa ba ya cika sauyawa.

Da me aka yi ƙwanson?

Amsar wannan tambaya tana kashe rabin zaɓin tun kafin a fara. Ƙwansunan alminiyam masu tsada galibi ana sassaƙa su ne daga dunƙulen ƙarfe da injin da kwamfuta ke sarrafawa, kuma nau'in alminiyam ɗin yawanci 6061 ne ko 6063. Waɗannan biyun suna karɓar kowane irin shafe. Masu araha kuwa sau da yawa narka ƙarfen ake yi a zuba a mazubi, kuma irin wannan alminiyam yana ɗauke da silikon mai yawa, wanda ke sa anodayizin ya fito da toka-toka da dabbare-dabbare. Shi ya sa za ka tarar kamfanoni fenti suke yi wa irinsu tun daga masana'anta.

Idan ƙwanson roba ne, zafi ne ke yanke hukunci. Robar ABS tana fara laushi a wajen digiri 105 a ma'aunin Salshiyas, folikabonet kuma a wajen 147, alhali fentin hoda yana bukatar kusan 200. Roba kuma ba ta ɗaukar lantarki, saboda haka anodayizin da fentin tsomawa, waɗanda duka da lantarki ake yin su, sun fita daga lissafi. Abin da ya rage wa mai ƙwanson roba shi ne fentin feshi, da sitika, da Cerakote irin wanda ake gasawa a ƙaramin zafi ko wanda iska ke busarwa.

Anodayizin

Anodayizin ba fenti ba ne. Ana tsoma alminiyam a cikin ruwan asid ɗin salfa, dangin wanda ke cikin batirin mota, a sa masa lantarki, sai fuskar ƙarfen kanta ta rikiɗe ta zama fata mai tauri mai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ana zuba rini ya shiga ƙofofin nan, sa'an nan a toshe su da ruwan zafi ko wani sinadari. Bambancinsa da fenti kamar bambancin lalle ne da jan farce: ɗaya ya shiga jiki, ɗayan a sama yake zaune. Saboda haka ba ya ɗayewa, ba ya saluɓewa, kuma hannu yana jin sanyin ƙarfe yadda yake. Fasahar tsohuwa ce. A 1923 aka fara amfani da ita sosai a Biritaniya don kare sassan jiragen sama masu sauka a kan ruwa daga cin gishirin teku.

Nau'i biyu ne suka shafi mai kibod. Nau'i na biyu, wanda kusan duk ƙwansunan kasuwa ke zuwa da shi, kaurinsa tsakanin maikiron 5 ne zuwa 25, kuma yana karɓar launuka masu haske da yawa. Nau'i na uku, wanda ake kira mai tauri, ya fi maikiron 25, sau da yawa yana kaiwa 50, kuma a wajen jure gogayya babu wanda ya kama ƙafarsa a cikin duk abin da za mu ambata. Sai dai shi da kansa launinsa duhu ne, tsakanin toka da ruwan ƙasa, don haka baƙi da launuka masu duhu kawai yake bayarwa da kyau. Wani ɓangare na fatar cikin ƙarfen yake nitsewa, shi ya sa abin da yake ƙarawa a waje kaɗan ne, kuma sassan ƙwanso suna komawa mazauninsu ba tare da matsi ba.

Rauninsa a bayyane yake. Na ɗaya, ba ya bayar da fari na gaskiya, domin ƙwayoyin farin launi sun fi ƙofofin girma, ba sa shiga. Mafi kusa da za a samu shi ne ruwan azurfa. Na biyu, fatar tana da tauri amma alminiyam ɗin da ke ƙarƙashinta mai taushi ne, don haka idan kibod ya faɗi a kan kusurwa, ƙarfen zai lotsa, fatar ta tsage, farin ƙarfe ya bayyana, kuma babu yadda za a gyara wurin shi kaɗai. Na uku, rini yana koɗewa a rana, musamman ja da shunayya da dangoginsu, baƙi ma wani lokaci yakan juya zuwa ruwan ƙasa in rinin ba mai kyau ba ne. Sabulun wanke tukunya mai ƙarfi da duk abin da ke ɗauke da sodar da ake haɗa sabulu da ita suna cinye shi nan take. Akwai kuma matsalar da masu sayen kibod suka daɗe suna kuka da ita, wato saman ƙwanso da ƙasansa su fito da launi mai ɗan bambanci, domin ɗan sauyi a zafin ruwa ko tsawon tsomawa yana sauya yadda rini ke kamawa. Wanda zai kai aiki ya dage a tsoma sassan duka a lokaci guda.

Sake yi wa ƙwanso anodayizin yana nufin a fara cire tsohon da soda, kuma wannan cirewa tana tafiya da ɗan ƙarfe. Zaren ramukan sukuru yakan yi sako-sako, kaifin gefuna ya ɗan dushe, ƙarzuwa mai zurfi kuma ba ta ɓacewa sai an bi ta da feshin yashi ko gogewa. Dole ne a cire duk wani abu da ba alminiyam ba, kamar maganaɗisu da mazaunin sukuru na tagulla ko baƙin ƙarfe, domin ruwan asid zai cinye su ya kuma ɓata wurin da suke. Farashinsa matsakaici ne a ƙa'ida, amma masana'antun da ke yin sa sun saba da kaya masu yawa, suna da mafi ƙarancin kuɗin da suke karɓa ko da abu ɗaya aka kawo, don haka mai ƙwanso guda yana biyan fiye da rabonsa. Yin sa a gida yana yiwuwa, amma haɗa asid da soda da lantarki a ɗaki ɗaya don ƙwanso guda ba shawarar da zan ba kowa ba ce.

Fentin tsomawa na lantarki

Yawancin fararen kibod na alminiyam da ake gani a kasuwa da wannan aka yi su, domin shi ne ya cike giɓin da anodayizin ya bari. Ana tsoma ƙwanson a tankin fenti mai ruwa, lantarki ya ja ƙwayoyin fentin su manne a ko'ina har cikin lunguna, sa'an nan a gasa. Masana'antar motoci ce ta raya shi. Kamfanin Ford ya fara amfani da shi a shekarun 1960 don shimfiɗar farko a jikin mota. Kaurinsa kusan maikiron 15 ne zuwa 30, a daidaice ko'ina, kuma yana da santsi mai daɗin taɓawa.

Amma fenti ne, a sama yake zaune, don haka bugu yana ɓantare shi, musamman a gefuna masu kaifi da kewayen kafar USB inda bakin waya ke yawan karo. A kan fari kuwa ko ƙaramin ɓantare yana kama ido. Babbar matsalarsa ga mai son sauya launi ita ce ba aikin ƙaramin shago ba ne, domin tankin da na'urorinsa na masana'anta ne, kuma launin da ke cikin tankin shi za a samu. A aikace zaɓi ne da ake yi ranar sayen kibod, da wuya a same shi bayan haka.

Fentin hoda

Wannan shi ne wanda aka fi samun mai yinsa a manyan birane, domin shi ake yi wa firam ɗin tagogin alminiyam da ƙofofi da rim ɗin mota. Ana fesa busasshiyar hoda mai ɗauke da cajin lantarki ta manne wa ƙarfen, sai a saka a oben a digiri 180 zuwa 200 na minti 10 zuwa 20, hodar ta narke ta haɗe ta zama fata ɗaya. A wajen jure bugu shi ne gaba, domin yana da kauri da ɗan taushin da ke shanye duka. Launukansa suna da yawa, har da fari tas, kuma masu aikin sukan yi amfani da lambobin RAL, tsarin launuka na Jamus, wanda ke ba ka damar faɗin ainihin launin da kake so da lamba maimakon kwatance. Hodar foliyesta ta fi jure rana, ta efoksi kuma takan yi fari-fari kamar alli idan rana ta daɗe tana dukanta. Idan ƙwanson tsoho ne mai ƙananan ramuka da ƙarzuwa, kaurin hodar yana rufe su, abin da anodayizin ba zai taɓa yi ba.

Kaurin nan kuma shi ne aibinsa. Fentin hoda yakan kai maikiron 60 zuwa 100, wani lokaci fiye in hannun mai fesawa ya yi nauyi. Fuska biyu masu kallon juna suna iya cinye kashi biyu cikin goma na milimita, wanda ya isa ya hana saman ƙwanso zama a kan ƙasansa, ko ya sa farantin maɓallai ya ƙi shiga. Mai yin ƙofar gida bai saba da irin wannan lissafi ba, don haka wajibi ne mai kibod ya zauna da shi ya nuna masa wuraren da za a rufe da tef mai jure zafi, da ramukan da za a toshe da matosai na silikon. Zane ko tambarin da aka sassaƙa a jikin ƙwanso yakan cike ya dushe, fuskar kuma takan fito da ɗan gargada irin ta ɓawon lemo, wadda ba a lura da ita a kan ƙofa amma ana ganinta a kan abin da ke gaban ido kullum. Alminiyam na zubi yana da wata matsalar ta daban: iskar da ta maƙale a cikinsa tana fitowa a oben ta huda fentin da ƙananan ramuka, sai in an fara gasa shi tsirara kafin a fesa. Farashinsa daga ƙasa ne zuwa matsakaici, musamman in ka yarda da launin da shagon ke fesawa a ranar.

Cerakote

Cerakote sunan kaya ne na kamfanin NIC Industries da ke jihar Oregon a Amurka, kuma ya yi suna ne a wajen shafe bindigogi kafin masu kekuna da wuƙaƙe da kibod su ɗauke shi. Ruwa ne mai haɗe da ƙwayoyin yumɓu na musamman, ana fesa shi da ƙaramar bindigar fenti. Abin da ya sa ya dace da kibod shi ne ya haɗa abubuwa biyu da ba su cika haɗuwa ba: siriri ne kamar anodayizin, kusan maikiron 12 zuwa 25, amma yana bayar da kowane launi kamar fenti, har da fari, har da zane mai launuka da yawa idan aka yi amfani da tef aka fesa bi da bi. Bayan ya gama kamawa, gumi da barasa da tina ba sa yi masa komai, kuma a wannan fanni ya fi fentin hoda da na feshi nesa ba kusa ba.

Nau'in da aka fi amfani da shi, wanda kamfanin ke yi wa alama da harafin H, ana haɗa shi da sinadarin da ke sa shi ya daskare, a gasa a wajen digiri 120 na awa 2. Don roba ana sauke zafin zuwa tsakanin 65 da 80. Akwai kuma mai harafin C wanda iska ke busarwa, yana ɗaukar kwana 5 kafin ya kai cikakken ƙarfinsa, amma bai kai na oben tauri ba.

Mutane suna yawan zaton Cerakote ba ya gogewa, kuma wannan zato ne ke jawo ɓacin rai. Yana gogewa, kuma daga gefuna masu kaifi yake farawa, inda shafen ya fi siranta. Bayan dogon amfani wurin yakan yi ƙyalli, daga baya ƙarfe ya leƙo. A jure gogayya zalla, anodayizin mai tauri ya fi shi. Fuskarsa kuma galibi ba ta sheƙi, tana da ɗan kaushi-kaushi a hannu, wanda wasu ke so wasu kuma ba sa so. Mafi muhimmanci, ingancinsa ya rataya ne kacokan a kan shiri. Sai an wanke maiƙo sarai, an yi feshin yashi da ƙwayar da ta dace don fuskar ta sami abin riƙewa, an kuma guji taɓa ta da hannu tsirara kafin fesawa. Cerakote da aka fesa a kan ƙarfe mai santsi ko mai maiƙo yana ɓarewa kamar fenti mafi araha, kuma mai shi ba zai gane ba sai bayan makonni. Shi ne mafi tsada a cikin waɗanda mutum ɗaya zai iya sa a yi masa, kuma inda babu ƙwararren mai yinsa a kusa, kuɗin aikawa da dawowa da haɗarin hanya suna hawa kan farashin.

Fentin feshi

Gwangwanin feshi shi ne mafi araha a cikin fenti, shi ne kuma aka fi zagi, ko da yake rabin laifin na gaggawar mai fesawa ne. Alminiyam ba ya riƙe fenti da kansa. Sai an goge shi da samfefa mai lamba 400 zuwa 600, an wanke maiƙo, an fara da shimfiɗar da aka yi musamman don alminiyam, wadda ke ɗan cin fuskar ƙarfen ta kama. Idan ƙwanson yana da anodayizin lafiyayye, ba sai an cire shi ba, domin bayan ɗan gogewa shi kansa tushe ne mai kyau ga fenti. Roba kuma tana da nata sinadarin kamawa, kuma dole ne a gwada fentin a cikin ƙwanso inda ba a gani, domin tina mai ƙarfi tana narkar da ABS, tana kuma tsattsaga folikabonet.

Fentin gwangwani na yau da kullum yana bushewa a taɓa cikin awa guda amma yana ɗaukar makonni kafin ya yi ƙwari, kuma ko bayan haka ruwan tsaftace hannu da gumi suna tausasa shi a wurin da hannu ke kwanciya. Abin da ke sauya lissafin shi ne a rufe shi da kiliya, wato shafe marar launi da ake yi a saman fenti, mai haɗi biyu, irin wadda masu fentin mota ke amfani da ita, wadda ke daskarewa ta hanyar haɗuwar sinadarai. Ana sayar da ita ma a gwangwani mai maɓalli a gindi. Da zarar an danna, sinadaran sun haɗu, kuma sai a yi amfani da ita cikin kamar kwana 2. Da wannan kiliya fentin feshi yana kusantar fentin hoda a ƙarko. Sai dai tana ɗauke da sinadarin aisosayanet, wanda shaƙarsa ke jawo asma da ba ta warkewa, don haka takunkumin tsumma ko na asibiti ba ya wadatarwa, kuma ba a fesa ta a ɗaki. Shi ya sa nake ganin wanda ya zaɓi wannan hanya ya fi dacewa ya shirya ƙwanson da kansa, ya rufe wuraren da ba a so fenti ya taɓa, sa'an nan ya kai wa mai fentin mota da ke da rufaffen ɗakin feshi. Lokaci ma yana da tasiri: a hunturu ƙura tana sauka a kan ɗanyen fenti, a tsakiyar damina kuma laima tana sa kiliya ta yi hazo-hazo.

Fa'idar da fentin feshi ya fi kowa da ita ita ce gyara. In ya ɓantare, ana goge wurin a sake fesawa, in launin ya gundure ka, ana cire shi a koma farko.

Sitika da sauran ƙananan zaɓi

Sitikar da ake naɗe motoci da ita, mai kauri kusan maikiron 90, ita kaɗai ce ba ta sauya asalin fuskar ƙwanson, kuma tana kare shi. Tana kwanciya da kyau a shimfiɗaɗɗen wuri, amma a kusurwoyi masu lanƙwasa takan ɗaga baki, zafin ɗaki kuma yana tausasa gam ɗinta har ƙura ta taru a gefe. Shafen PVD mai sheƙi kamar madubi, wanda ake gani a kan nauyin tagulla ko ƙarfe marar tsatsa da ke ƙarƙashin wasu kibod, aikin masana'anta ne a cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska. Siriri ne ƙwarai, kuma kowane sawun yatsa da siririn ƙarce yana bayyana a kansa.

| Shafe | Kauri a maikiron | Jure gogayya | Jure bugu | Farashi | Gyaran wuri ɗaya | Ya dace da roba? |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Anodayizin nau'i na 2 | 5 zuwa 25 | mai kyau | matsakaici | matsakaici | ba ya yiwuwa | a'a |
| Anodayizin nau'i na 3 | 25 zuwa sama | mafi kyau | matsakaici | sama da na 2 | ba ya yiwuwa | a'a |
| Fentin tsomawa | 15 zuwa 30 | matsakaici | yana ɓantarewa | na masana'anta | da wuya | a'a |
| Fentin hoda | 60 zuwa 100 | mai kyau | mafi kyau | ƙasa zuwa matsakaici | da wuya | a'a |
| Cerakote | 12 zuwa 25 | mai kyau ƙwarai | mai kyau | mafi tsada | da wuya | e, a ƙaramin zafi |
| Feshi da kiliya mai haɗi biyu | ya danganta da hannu | matsakaici | matsakaici | ƙasa | yana yiwuwa | e, bayan gwaji |
| Sitika | kusan 90 | rauni | rauni | mafi araha | a sauya ta | e |

Wa ya dace da wanne?

Wanda ƙwansonsa ke da anodayizin lafiyayye, launin ne kawai ya gundure shi, ya yi tunani sau biyu kafin ya taɓa shi. Abin da kamfani ya yi a masana'anta sau da yawa ya fi abin da za a maye gurbinsa da shi, kuma ƙwanson da aka sake wa shafe darajarsa takan faɗi in an zo sayarwa. Irin wannan mutum ya fara da sitika ko ya sauya hulunan maɓallai, ya ga ko ƙishirwar za ta wuce.

Wanda kibod ɗinsa ke zaune a tebur ɗaya, yake kuma son baƙi ko toka ko shuɗi mai duhu da jin ƙarfe a hannu, anodayizin ne nasa, muddin ƙwanson 6061 ne ko 6063 kuma teburin ba a bakin taga yake ba. Wanda ke saka kibod a jaka yana zirga-zirga tsakanin gida da ofis ko makaranta, bugu ne babban abokin gabansa, don haka fentin hoda ya fi masa, da sharaɗin a rufe wuraren haɗuwa da ramukan sukuru. Haka ma mai tsohon ƙwanso da ya sha ƙarzuwa, ko mai alminiyam na zubi.

Mai son fari ko launi mai haske a kan ƙwanso mai matsattsen yanka, wanda ba zai ɗauki ƙarin kauri ba, Cerakote ne amsarsa in aljihu ya yarda kuma ya sami wanda ya ga aikinsa da idonsa, musamman aikin da ya shekara a hannun mai shi. Shi ne kuma ya fi dacewa da mai yawan gumin hannu ko mai yawan goge kayansa da barasa. In mai son farin bai riga ya sayi kibod ɗin ba, ya nemi mai fentin tsomawa daga masana'anta ya huta da duk wannan.

Mai ƙwanson roba, ko ɗalibin da kuɗin shafen ƙwararru zai fi kuɗin kibod ɗin kansa, ya tsaya a kan fentin feshi: samfefa, shimfiɗar da ta dace da kayan, fenti siriri sau uku maimakon mai kauri sau ɗaya, kiliya mai haɗi biyu a wurin mai fentin mota, sa'an nan ya bar ƙwanson ya huta aƙalla mako guda kafin ya mayar da allon lantarki ya ɗaure sukuru.